DARASIN WANNAN FITOWA: ME KE CIKIN KWANON YARONKI?

  

Darasinmu na wannan fitowa a kan abincin yara ne, musamman daga ranar haihuwa zuwa shekara biyu, daga nan mu ɗan taɓa na 'yan makaranta da sauran mutanen gida. Misalan da zan kawo daga yankinmu ne na Achida da Wurno da Rabah da Goronyo, amma 'yar uwar da ke karantawa a Katsina ko Zariya ko Maraɗi za ta ga cewa kusan tukunyarmu ɗaya ce.

GA ABINCI, GA TAMOWA

Duk wadda ta taɓa shiga Achida ran kasuwa ta san Allah Ya yi mana arziki. Ga gero da dawa da wake, ga shinkafar fadamar Wurno, ga albasa da tafarnuwa ana lodinsu a mota, ga kara cike da awaki da tumaki da shanu, ga matan Fulani da ƙoren nono. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima tana ba mu ruwan noman rani, tana kuma ba mu kifi. Amma duk da haka, in kin leƙa asibitocinmu za ki iske uwaye a jere riƙe da yara masu tamowa.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya, 37 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma adadin ya kai 57, fiye da rabi ke nan. Binciken ya kuma gano cewa yara 68 cikin 100 a ƙasar suna da ƙarancin jini.

Babu mai musun cewa akwai talauci. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kayan masarufi suka yi tsada, ga kuma 'yan bindiga da suka hana manoma da yawa zuwa gonakinsu a gabashin Sakkwato, har wasu suka baro garuruwansu. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina roƙon Allah da kiran shugabanni a kansa ba. To amma akwai wani ɓangare da ke hannunmu mu mata. Sau da yawa za ki ga gida akwai hatsi a rumbu, akwai kaji a tsakar gida, akwai akuya a turke, amma ƙaramin yaro koko tsararo ne abincinsa safe da rana, da dare a lakato masa tuwo. Cikinsa ya cika, jikinsa bai samu abin gini ba. Wannan shi ne abin da nake so mu gyara.

DAGA HAIHUWA ZUWA WATA SHIDA

Masana lafiya suna cewa kwana 1000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa ke ginuwa da sauri. Abin da yaro ya rasa a wannan lokaci yana da wuyar ramawa daga baya. Mu malaman Islamiyya muna ganin alamarsa a aji: yaron da ke yawan ciwo, mai saurin gajiya, wanda hadda ke yi wa nauyi ba don rashin ƙoƙari ba.

Saboda haka gyara daga mai ciki yake farawa. Ke da ke da juna biyu, ki ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda kika saba, ki je awo, ki kuma sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa. In kina shayarwa, ƙarin ya zama sau biyu. Ki tuna kuma shari'a ta yi rangwame ga mai ciki da mai shayarwa a watan azumi in sun ji tsoron cutuwar kansu ko ta yaro, sai a tambayi malamai hukuncin ramuwa da ciyarwa.

Da zarar an haihu, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya. Nonon farko mai kauri da launin rawaya, wato dakashi, wanda wasu tsofaffinmu ke cewa a matse a zubar wai ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri. Kada a zubar da ko ɗigo.

Daga nan har wata shida, nonon uwa zalla. Na san abin da za ki ce: “Malama, da wannan zafi na Sakkwato a hana jinjiri ruwa? Ai sai ƙishirwa ta kashe shi!” To ki sani, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta. In zafi ya yi yawa, ke ki sha ruwa sosai, ki yawaita ba shi nono. Ruwan randa ko jiƙo da ake ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, yana kuma iya kawo gudawa, ita kuwa gudawa ƙofar tamowa ce. Zuma ma, duk da albarkarta, likitoci sun yi gargaɗi kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, domin hanjinsa bai yi ƙwarin da zai iya da wata ƙwayar cuta da akan samu a cikinta ba.

DAGA WATA SHIDA: A KAURARA KUNU

Idan yaro ya cika wata shida, nono kaɗai ya daina isarsa, sai a fara ƙara masa abinci ana ci gaba da shayarwa. A nan ne yawancin yaranmu ke fara ramewa, kuma ga dalili. Cikin yaro ɗan wata bakwai ko takwas bai wuce ya ɗauki kimanin rabin ledar fiyawata ba a zama ɗaya. In kika cika wannan ɗan wuri da koko mai ruwa-ruwa, to ruwa kika ba shi. Ki gwada kununki da cokali: ki ɗebo ki karkata shi. In ya zube shar kamar ruwa, ya yi tsararo. In ya tsaya yana gangarowa a hankali, ya yi daidai.

Ga yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yawan ciyarwa ga yaron da ke shan nono:

1. Wata 6 zuwa 8: sau 2 zuwa 3 a rana. A fara da cokali 2 ko 3, ana ƙarawa a hankali har ya kai rabin kofi.

2. Wata 9 zuwa 11: sau 3 zuwa 4 a rana, rabin kofi kowane zama, abincin a marmashe ko a yanka ƙanana yadda zai iya ɗauka da hannunsa.

3. Wata 12 zuwa 23: sau 3 zuwa 4 a rana daga abincin gida, kusan cikin kofi ɗaya.

Kofin da ake nufi shi ne mai cin rabin ledar fiyawata. A tsakanin waɗannan lokuta a ba shi ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar mangwaro nunanne, ko dafaffen dankali, ko ƙosai.

GIDAJE TAKWAS NA ABINCI

Masana sun kasa abincin ƙaramin yaro gida takwas, suka ce a yi ƙoƙari ya ci daga aƙalla gida biyar kowace rana. Kada lissafin ya ba ki tsoro, duk abin da ke ciki kin san shi:

1. Nonon uwa.

2. Hatsi da saiwa: gero, dawa, masara, shinkafa, dankali, rogo.

3. Wake, waken suya, gyaɗa, gujiya, riɗi, da abin da ake yi da su kamar ƙuli-ƙuli, alale, ƙosai da awara.

4. Nonon shanu ko na akuya, kindirmo da cuku.

5. Nama, kifi, hanta da kaza.

6. Ƙwai, na kaza ko na zabo.

7. Ganyaye masu duhun kore da kayan marmari masu launin ja ko rawaya a ciki: zogale, alayyahu, rama, kabewa, karas, mangwaro, gwanda.

8. Sauran kayan lambu da 'ya'yan itace: tumatir, kuɓewa, albasa, kankana, gwaiba, lemo, magarya, garin 'ya'yan kuka.

Yanzu ki ƙirga da ni. Kin ba shi nono, ɗaya. Da safe kin dama kunun gero da kauri kin zuba garin ƙuli-ƙuli, uku ke nan. Da rana kin murje masa tuwo da miyar zogale ko ta kabewa, huɗu. A cikin miyar kin barbaɗa cokali ɗaya na garin busasshen kifi, biyar. Kin cika sharaɗi ba tare da kin sayi gwangwanin madara ko wani abincin kanti ba. Ƙananan kifayen nan masu araha, in an busar an daka su da ƙayarsu lukui an tankaɗe, suna ba yaro abin gina jiki da na ƙarfin ƙashi.

Sai maganar ƙwai. Mun tashi muna jin ana cewa yaron da ke cin ƙwai ɓarawo zai zama. Wannan magana ba ta da tushe a addini, ba ta da shi a likitanci. Da damina ƙwan zabi kan yi yawa a ƙauyukanmu, amma sai a kwashe duka a kai kasuwa, a sayo wa yaro alewa da biskit da kuɗin. In kina da ƙwai goma, ki sayar da bakwai ki bar wa yaro uku. A dafa shi ya dahu sosai, a marmasa masa.

GARIN KUNU MAI HAƊI

Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata a Arewa, wanda ake kira Tom Brown. Awonsa mai sauƙin riƙewa ne: 6, 3, 1. Wato gwangwani shida na hatsi (gero ko dawa ko masara, ko a gauraya su), gwangwani uku na waken suya, gwangwani ɗaya na gyaɗa.

Ki tsince kowanne, ki wanke hatsin da waken ki shanya su bushe sarai. Ki soya kowanne daban a tukunya ba mai, waken suya ya soyu sosai har ƙamshi ya tashi, sannan ki ɓarza shi ki fece ɓawon. Gyaɗar ma ki murje ki fece. Ki haɗa a kai niƙa, ki tankaɗe, ki adana a mazubi mai murfi inda danshi ba zai kai ba. Kada ki yi da yawa lokaci guda. In za ki dama, ki kwaɓa da ruwa kaɗan, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa ya dahu na 'yan mintoci. Kina iya ƙara garin zogale, ko garin kifi, ko ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, don mai yana ƙara wa kunu ƙarfi ba tare da ya ƙara masa yawa ba.

A kula da abu biyu. Gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna, ko mai ɗaci, tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi, saboda haka a tsince a zubar. Sannan kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa guda, tana iya shaƙe shi, sai dai dakakkiya.

KURAKURAN MADAFA

Wani lokaci abincin yana da kyau, wajen girki ne muke rage masa amfani. Kanwa in ta yi yawa a miya ko wake tana kashe wasu sinadaran bitamin. Ki jiƙa wake tun dare, zai yi saurin dahuwa ba sai kin cika kanwa ba. Ganye kuma a wanke kafin a yanka, kada a dafa shi har ya koma baƙi, kada kuma a zubar da ruwan dahuwarsa in ana iya sa shi a miya. Kuka da zogale a shanya su a inuwa, domin rana tana cinye amfaninsu.

Shayi ba abincin ƙaramin yaro ba ne, yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke yin jini. Abu mai tsami irin su lemo, tumatir, gwaiba da garin 'ya'yan kuka kuwa yana taimaka wa jiki tsotse shi, don haka yana da kyau a haɗa su da wake ko ganye. Gishiri ki sayi na leda mai sinadarin aidin da ke hana maƙoƙo, ki rufe shi. Amma ki rage hannu, domin babban mutum bai kamata ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a rana ba, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Daddawa da albasa da tafarnuwa da muke da su a wadace sun isa su ba miya daɗi, kuma rage gishiri zai taimaki maigida da tsofaffin gida wajen hawan jini.

Nonon da aka tatso a tafasa shi kafin a ba yaro, furarsa kuma a dama da ruwa mai tsabta. A wanke hannu da sabulu kafin girki, kafin ba yaro abinci, da bayan yi masa tsarki.

KWANONSA DABAN

Al'adarmu ce a zuba wa yara a kwano ɗaya, kuma akwai albarka a cin tare. Amma ɗan shekara ɗaya da rabi ba zai iya tsere da 'yan shekara bakwai ba, kafin ya kai loma biyu an sharce kwano. Ki zuba masa nasa daban, ki zauna kusa da shi kina lallashi, don ki san iya abin da ya ci. Kada a danne shi a toshe masa hanci a yi masa ɗura, yana iya shaƙewa. In ba shi da lafiya a ci gaba da ba shi nono da abinci kaɗan-kaɗan, in ya warke a ƙara masa zama ɗaya a rana har sati biyu ya mayar da jikinsa.

Yaye ma a bi shi a hankali. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma ita ce ta ɗora ciyar da uwar a kan mahaifin yaro gwargwadon ikonsa. Ashe ke nan kwanon yaro ba aikin uwa kaɗai ba ne. Ki zauna da maigida cikin ladabi ki nuna masa cewa in an kawo tsire ko kifi, ɗan ƙaramin nan ya fi kowa buƙatar rabonsa, kuma in an girbe wake da gyaɗa a ware na gida kafin a kai kasuwa. Cire yaro daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka, alhali bai saba da abinci ba, yana jefa yara da yawa cikin tamowa. Uwar da ta samu sabon ciki tana goyo ta je asibiti a duba ta, domin a mafi yawan lokuta tana iya ci gaba da shayarwa in tana cin abinci sosai.

Su kuma 'yan makaranta, kada su fita da safe ciki ba komai. Ko ɗumame ne da ɗan ƙuli a ba su. Kuɗin tara da ke tafiya a alewa da lemon roba, gara a saya musu awara, ko gyaɗa, ko dabino, ko mangwaro.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Ki gaggauta kai yaro asibiti in kin ga yana ramewa har fatar cinyarsa ta yi tamoji, ko gashinsa ya yi ja yana karyewa, ko ya ƙi nono da abinci, ko gudawa ta ƙi tsayawa. In ƙafafunsa sun kumbura, ki danna bayan ƙafar duka biyu da babban yatsa ki ƙirga uku. In wurin ya lotsa bai taso nan take ba, wannan ba ƙiba ba ce, ba kuma iska ba ce, tamowa ce mai tsanani. A asibiti ana auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku. Ja yana nufin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, yaron na cikin haɗari.

Abincin leda mai gyaɗa da madara da ake ba irin waɗannan yara magani ne, an auna shi daidai da nauyin mai ciwon. Da irinsa aka yi jinyar dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Raba shi da sauran yara ko sayar da shi a kasuwa cin amana ne, don ran wani yaro ake wasa da shi.

Ki riƙa duba bakin yaronki ma. Akwai cutar da likitoci ke kira Noma, mai farawa da kumburin dasashi da warin baki, cikin kwanaki ta cinye kumatu. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an kai yaro da wuri, magani na tsayar da ita. Haka kuma kada ki bari ɗigon bitamin A da ake ba yara duk wata shida ya wuce ɗanki, yana kare shi daga dundumi, yana ƙara masa ƙarfin jure ciwo.

AIKIN DA ZA MU YI TARE

Mu a ƙasar Sakkwato muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno, ta kafa 'Yan Taru, inda jajiyoyi ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Wannan hanya tana nan a buɗe. Kowace makarantar matan aure tana iya ware rabin awa a wata a yi wannan darasi a aikace, a zo da tukunya a dama kunun kowa ta gani. Mata biyar ko shida suna iya yin adashin garin kunu, wannan ta kawo gero, waccan waken suya, a soya tare a raba. A dasa zogale biyu ko uku kusa da inda ake alwala, ruwan da ke zuba ya ishe su. Kada kuma a manta da kakanni, domin a gidaje da yawa maganar kaka ce ke yanke hukunci a kan jinjiri, sai a gayyato su cikin girmamawa. 'Yan uwanmu da suka yi gudun hijira suka sauka a cikinmu, yaransu ne suka fi shiga haɗari, a sa su gaba wajen sadaka da zakkar fidda-kai.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba. Kwana bakwai a jere, kowane dare ki ƙirga da yatsunki gida nawa cikin takwas ɗin nan ƙaramin yaronki ya ci. In bai kai biyar ba, ki duba wanne ne ya fi sauƙin samu a gidanki, ki ƙara shi washegari. Sannan ki koya wa maƙwabciya ɗaya gwajin cokali.

Allah Ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, Ya ba mazajenmu abin ciyar da mu na halal, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da gonakinmu, amin.